Layin Hagu na Kawu Orval

Mayfield, Kentucky
21 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Royce,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da sababbin iyayen gidanka na California. Maigidana Alton da yara suna gaishe ka. Mu dai ƙalau muke, in ban da ruwan sama da ya hana mu sakat.

Bayan haka, ban so rubuto maka ba, don har yanzu a cike nake da kai. Mutumin da ya ɗauke mu ranar da aka binne Mama, ya raine mu a bayan garejinsa, ya ɗora ka a motar tsere kana ɗan shekara sha tara, shi za ka bari da 'yar takarda a ƙarƙashin gwangwanin giris? "Kawu, na samu tuƙi a wajen Mista Brandt, zan kira." Layi biyu, Royce! Mai kawo mana madara ma da zai daina zuwa sai da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi sallama. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Ranar Talata na kai Kawu Orval wajen likitan ido a Nashville. Tun da ya dawo daga tseren Florida na ga yana zuba gahawa rabi a kofi rabi a tebur. Likita ya duba ya ce idon hagu ya tafi. Fizgar da lema take yi masa duk sanda ya buɗe ta don ya tsayar da mota, shekara ashirin da biyu, ita ta ɓalle wani abu a can cikin idon, sai dishi-dishi ya rage. Likitan ya tambaye shi sana'arsa, Kawu ya ce, "Zama nake a kujera daƙiƙa shida, sau huɗu ranar Lahadi." Da bawan Allah ya gane gudun mil ɗari biyu da hamsin a awa ake nufi, sai ya ajiye biro ya ce, "Mista Tackett, ko keken yara ban yarda ka hau ba." Kawu ya ce, "Ɗana, rubu'in mil ne, miƙaƙƙe. Ba kwana, ba mahaɗa. Ido ɗaya ma ya yi yawa."

A hanyar gida ya gaya mini gaskiya. Sandar fitilun tashi, wadda kuke kira bishiya, tana tsakanin layuka biyu. In yana layin hagu, tana gefen idonsa mai kyau, yana ganin kore tar. In yana layin dama, ta koma gefen mataccen idon, ga hular kwano a matse cikin kejin ƙarfe, ba halin juya kai. To da yake wanda ya fi gudu a zagayen baya shi ke zaɓen layi, dabararsa ita ce ya yi ta fin kowa gudu, ya yi ta zaɓen hagu. Takardar lafiyarsa ta hukumar tsere sai Disamba za ta ƙare. Ya ce shekara ɗaya kawai yake roƙo, ya ɗauki kambun nan da ya kufce masa sau uku, ya rataye hula.

Ya sa na tsaya a gefen hanya, ya ciro Littafi Mai Tsarki na Mama daga aljihun mota, ya sa na dafa na rantse ba wanda zai ji. Ya kira sunanka musamman. Ga ni ko mako ba a yi ba ina karya rantsuwa. Amma ni ina nan ina gadin gareji da yara, kai kaɗai ne namu a filin. Ka sa masa ido. In ka ga abin ya wuce gona da iri, ka gaya mini. Kuma ka tuna, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Marvella

Long Beach, California
2 ga Afrilu

Yaya Marvella,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, da Alton da 'yan ɓarnan nan naku. Wasiƙarki ta same ni a gareji, na shiga cikin tirela na karanta, na kuma ƙona ta kamar yadda na san za ki so.

Maganar takarda, ba ni da bakin kare kaina. Sau uku na shiga garejin Kawu don in gaya masa. Na farko yana ƙarƙashin mota yana waƙar coci. Na biyu ya miƙo mini rabin burodinsa. Na uku na riga na rubuta takardar a aljihuna. Ke ma kin sani, shekara goma sha biyu ina tuƙa tsohuwar motarsa da fistin ɗin da ya cire daga tasa. Da na ci zagaye sai ya ce injinsa ne, da na faɗi sai ya ce ƙafata ce. Mista Brandt ya ba ni sabuwar mota fil, da inji huɗu a jere, da shugaban makanikai, wani dattijo mai suna Dewey wanda kunnensa ɗaya ya mutu tun zamanin da ake tsere a filin jirgin sama. Ban yi nadamar tafiya ba. Yadda na tafi ne yake hana ni kallon madubi in ina aski.

Maganar idon kuwa, tun da na karanta ba ta bar raina ba. Na yi tunanin in kai wa hukuma rahoto su karɓe takardarsa kafin ya halaka kansa. Amma wa zai yarda don lafiyarsa na yi? Cewa za a yi Royce ya gudu daga gidan kawunsa, ya juyo ya sare shi a ƙafa. Kuma gaskiya, Yaya, tsohon nan da ido ɗaya ya fi rabin mutanen filin nan da nasu biyu.

Ga alkawarina, ki ajiye shi inda kike ajiye takardun haihuwar yara. Muddin zaɓen layi yana hannuna, ba zan taɓa sa Kawu a layin dama ba, ko da kambun duniya ne a kai. Wannan kaɗai ne abin da zan iya yi masa ba tare da ya sani ba.

Ki gaida kowa. Ki daina kuka a kan takarda, tawadar ta ɓaci.

Ƙaninki,
Royce

Columbus, Ohio
12 ga Yuni

Yaya Marvella,

Gaisuwa mai tarin yawa. Daga masauki nake rubuto miki, ɗakin yana warin taba da man tsere, idona har yanzu yana hawayen hayaƙi.

Kin ce in sa masa ido, to ga rahoto. Tsere biyar aka yi, Kawu ya ci biyu, na ci ɗaya. Shi ne a gaba a maki, ni ke bi masa. Ban taɓa ganin ya haɗa inji kamar na bana ba, ƙararsa kawai za ki ji ki san da fushi aka ɗaure shi. Kuma kullum hagu. Ko layin hagu ya zama tamkar tsantsin sabulu, hagu zai ce. Yanzu kowa Bahago yake kiransa. An ɗauka camfi ne, irin na masu sa safa ɗaya shekara guda ba wanki. Wani ɗan jarida ya tambaye shi dalili, ya ce, "Ta nan gefen ake sayar da giya, ina son in ga masoyana."

Jiya aka samu wani ɗan Texas ya fi shi gudu, ya zaɓi hagu don ta fi riƙe taya, ba don ya san komai ba. Na bar motata na je na tsaya a bakin shinge. Kore ya kama, ɗan Texas ya ɓace, Kawu yana zaune kamar mai jiran bas. Sai da ya ji ƙarar ɗayan sannan ya taka. Da ya dawo ya yi ta zagin kuloci a gaban jama'a, har ya yi wurgi da sifana. Ni kaɗai a duk filin na san kuloci ba shi da laifi, na juya na tafi kafin ya gan ni.

Muna haɗuwa a layin jira, yana ce mini, "Sannu, direban Mista Brandt." Ni kuma in ce, "Barka da rana, Kawu." Iyakarta ke nan.

Ki huta lafiya.
Royce

Mayfield
9 ga Yuli

Royce,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka, na gode da ka tsaya a bakin shingen.

Kawu ya yi kwana huɗu a gida. Ya rame, amma bakin yana nan yadda ka san shi. Ni ke ɗiga masa maganin ido safe da yamma a cikin ɗakin ajiyar taya, don kada yara su gani. Shekaranjiya ina cikin ɗigawa, kansa a ɗage, sai ya ce, "Marvella, a duk duniyar nan ke kaɗai ce ba ki taɓa ba ni kunya ba." Royce, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ɗiga masa maganin a kumatu, ya ce ko ni ma idon nawa ne ya fara.

Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan riƙon amana. Na tabbata ni yake kallo, alhali mutumin bai san komai ba. Magana zarar bunu ce, na riga na zare. Abin da ya rage mini shi ne alkawarinka.

Ubangiji ya tsare ku duka biyu, har da mai taurin kan.

Yayarka,
Marvella

Indianapolis
5 ga Satumba

Yaya Marvella,

Ina gaisuwa, amma yau ki yi mini uzuri, raina a ɓace yake.

Na san kin ji a rediyo Kawu ya ci babban tseren nan. Abin da rediyo bai faɗa ba ga shi. Ni da shi muka kai zagayen ƙarshe, kuma zaɓi yana hannuna. Duk ranar layin hagu ne ke ci, dama rana ta gasa shi ya zama kamar man shanu. Dewey ya zo ya durƙusa gefen motata ya ce, "Hagu, ko?" Na ce dama. Ya juyo da kunnensa mai ji ya ce, "Maimaita, ta wancan kunnen ka faɗa." Na ce dama. Ya ce, "Yaro, zafin rana ne ya taɓa ka?" Na ce na ga wani abu a layin da su ba su gani ba. Na tashi kafin Kawu, amma tayoyina suka yi ta karkarwa, ya wuce ni da tsawon hancin mota.

Na cika alkawari, ban yi ƙorafi ba. Na fito na miƙa masa hannu, na tsaya ina tafi kamar kowa. Sai aka ba shi abin magana a gaban mutum dubu arba'in, aka tambaye shi me zai ce game da ɗan ƙanwarsa. Ya ce, "Shekara goma sha biyu ina koya wa yaron nan duba hanya. Ga shi da kuɗin California da inji huɗu, ya kasa bambance layi mai kyau da mara kyau. Ina jin hankalinsa ya manta a ƙarƙashin gwangwanin giris, in yana so ya zo ya ɗauka." Filin gaba ɗaya ya kwashe da dariya, har makanikaina suna sunkuyar da kai suna ƙunshe tasu.

Yaya, ni na ba shi wannan kofin da hannuna. Ni na ba shi! Kuma ba ni da ikon buɗe baki. Yau da safe a wurin karin kumallo wani direba ya aiko mini da gwangwanin giris a kan faranti, da cokali.

Mista Brandt ya kira ni cikin motarsa, ya rufe gilashi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Royce, ban ɗauke ka don ka yi mini zumunci ba. Akwai samari ashirin da za su tuƙa motar nan kyauta. Ka kawo mini kambu, ko ka koma Kentucky." Ina zan koma a Kentucky? Garejin wa?

Saura tsere biyu. Kada ki damu, maganata tana nan. Ina dai gaya miki ne don babu wanda zan gaya wa.

Royce

Mayfield
13 ga Satumba

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko na yi dariyar gwangwani da cokali, Allah ya yafe mini, na biyu na yi kuka.

Abin da ka yi a Indianapolis ya wanke maganar takarda a wajena. Shi kuwa bakinsa haka yake tun kafin a haife mu, Mama takan ce da baƙar magana tana sa mota gudu da bai taɓa sayen mai ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka san me ya yi da ya dawo? Ya yanke hotonka daga jarida ya liƙa a cikin murfin akwatin sifanunsa, inda yake zaton ba na dubawa.

Ka haɗiye, Royce. Wata ɗaya ya rage. In Mista Brandt ya kore ka, wani zai ɗauke ka, kai yaro ne. Shi ba shi da wata shekarar. Ban ji daɗin ƙarshen wasiƙarka ba, don ban tambaye ka ko maganarka tana nan ba.

Ka huta lafiya.
Marvella

Mayfield
25 ga Oktoba

Royce,

Gaisuwa. Ya kamata in ce barka, tunda jarida ta ce ƙanena ne zakaran bana. Na kira garejinku sau huɗu, ana ce mini ka fita.

Kawu ya iso jiya da hantsi, kwana uku yana jan tirela daga California. Na fito da murmushin da na shirya, in ba shi haƙuri. Bai kalle ni ba. Ya buɗe aljihun mota, ya ciro Littafin Mama, ya shigo ya ajiye mini a kan teburin kicin, ya tafi gareji ya rufe ƙofa. 

Jarida ta ce ya tashi kafin kore, jar fitila ta kama shi a zagayen kusa da ƙarshe, da kai. Shekara ashirin da biyu, a yatsun hannu ɗaya zan ƙirga jar fitilarsa. Jaridar ba ta faɗi wa ya zaɓi layi ba, ba ta faɗi wa ke ina ba.

Tambaya ɗaya ce, kuma kada ka yi mini kwana-kwana. A wane layi yake?

Marvella

Long Beach
1 ga Nuwamba

Yaya Marvella,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata. Duk kiran da kika yi ina tsaye kusa da wayar.

A layin dama yake. Ni na sa shi.

Zan gaya miki komai, don wannan ce takarda ta biyar, huɗun farko duk ƙarya na samu a cikinsu. Mun shiga ranar Lahadi maki kusan ɗaya, duk wanda ya ci a tsakaninmu kambu nasa ne. Na fi shi gudu a zagaye na biyu da abin da bai kai ƙiftawar ido ba, zaɓi ya dawo hannuna. Ana saura motoci biyu a kai gare mu, injin wani ya fashe a layin hagu, ya zubar da mai tun daga tashi har tsakiya. Aka yi minti arba'in ana gogewa, amma kowa ya san layin ya mutu. Motar da ta bi ta kai kafin mu hayaƙi kawai ta yi.

Kin ga yadda abin ya zo da sauƙi? Layin dama ne mai kyau. Da na ce dama, na cika alkawarina, na samu layi mai riƙo, Kawu ya samu hagunsa, Mista Brandt ya yi murna, ba wanda zai ce uffan. Ubangiji ya shimfiɗa mini hanya sarai. Amma ina zaune a ɗaure cikin mota, rana tana dafa ni, sai na ce a raina, tsohon nan in yana ganin fitila, ko a kan mai zai iya cinye ni. Ya san yadda ake lallaɓa mota a kan tsantsi, shi ya ƙirƙiro abin. Sai dariyar Indianapolis ta dawo mini a kunne.

Dewey ya durƙusa ya ce, "Dama, ko?" Na ce hagu. Ya ce, "Kai, yau ma? Mai ne a can, ɗan nan, mai!" Na ce hagu. Sau uku ya tambaye ni, na ba shi amsa sau uku, ba wanda ya tilasta ni. Ya tashi yana girgiza kai ya nuna wa alƙalin tashi. Na ga makanikin Kawu ya sunkuya ya gaya masa. Hular kwanon Kawu ba ta motsa ba. Mutum ɗaya ne zai bar layi mai kyau ya shiga cikin mai da gangan, wanda ya san abin da ke ɗaya gefen. A wannan daƙiƙar na tona kaina, na tona ki.

Muka ƙona taya don ta yi zafi ta riƙe ƙasa, muka ja baya, muka jeru. A Ohio jira ya yi ya ji ƙarar abokin karawa. Wannan karon bai jira ba, ƙirga ya yi a zuciyarsa, ya cinka, ya taka. Ya riga kore da ɗan abin da ba ya aunuwa. Ja ta kama a gefensa, ya faɗi tun kafin motarsa ta yi taku ɗaya, shi kuwa bai ma gan ta ba. Ya tafi kamar an harba shi daga bindiga. Ni kuwa ko taku talatin ban yi ba tayoyina suka hau mai, hayaƙi ya turnuƙe, inji ya mutu. Na gangara har ƙarshe kamar amalanke, daƙiƙa goma sha huɗu. Shi ya yi gudun da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, mafi sauri a duk shekarar, a banza. Haka na zama zakara, Yaya, mutane suna ihu, ni ina gangarawa.

A can ƙarshen hanya, inda ake naɗe lema, na tarar ya fito yana murmushi, ya zaci ya ci. Wani ma'aikaci ne ya gaya masa. Na ga murmushin ya tafi. Na fito daga motata. Ya tako har gabana, ya kama hannuna kamar yadda aka saba, ya riƙe ya daɗe. Na zaci zai zage ni, har addu'a nake ya zage ni. Sai ya ce, "Barka, zakara. Ka gaida yayarka."

A takardun da na yaga na rubuta cewa don lafiyarsa na yi, mai ido ɗaya bai kamata ya yi wannan gudun ba. Ƙarya ce. Da lafiyarsa ce ta dame ni da tun Afrilu na yi magana. Na sa makaho ya cinki fitila a motar da ke iya kashe shi, don in ci kofi. Kin ba ni sirrin don in kare shi, na ajiye shi wata bakwai kamar wuƙa a aljihu.

Kofin yana cikin kwalinsa a bayan tirela, ban iya buɗewa ba. Ina so in aiko masa da shi, nasa ne. In ya so kuma in kira 'yan jarida in faɗi abin da na yi. Ki tambaye shi, ni ba ni da fuskar da zan rubuta masa.

Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙaninki,
Royce

Mayfield
9 ga Nuwamba

Royce,

Na amsa gaisuwarka, don Mama ba ta koya mana ƙin amsa gaisuwa ba.

Kwana biyu ina zaginka a zuciya, a na uku na gaji, don duk zagin da na ɗauko sai in ga ya yi mini daidai. Wuƙar da kake faɗa ni na wasa ta na sa maka a aljihu.

Na shiga garejin da wasiƙarka, na durƙusa a kan simintin nan mai maiƙo, na karanta masa tun daga farko har ƙarshe, na haɗa da tawa tubar. Yana wanke sifana a cikin kananzir, bai daina ba. Da na gama ya ce, "Tashi, za ki ɓata siket. Ke tsoro ne ya sa ki." Na jira ya ce wani abu a kanka. Ya ci gaba da wanki.

Ranar Litinin ya sa takardar tuƙinsa a ambulan ya mayar wa hukumar tsere da kansa, ya rubuta musu gaskiyar idon. Motar an lulluɓe ta. Da rana yakan zauna a bakin gareji yana kallon titi, wanda ban taɓa ganin ya yi ba. Na fi son lokacin da yake jifa da sifana.

Jiya ya karɓi biro da takarda, ya hana ni taimaka masa. Awa guda ya yi a kai, hancinsa kusan yana taɓa tebur. Ga ta nan a ciki. Ban karanta ba, na gama tsoma baki a abin da ba nawa ba.

Yayarka,
Marvella

Mayfield
8 ga Nuwamba

Zuwa ga Royce,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Kada ka aiko da kofi. Zaɓi naka ne, ka zaɓa, ni na taka kafin kore. Haka dokar take, ni na koya maka ita. Kada ka kira 'yan jarida, na sa mutane sun yi maka dariya, ba na son tausayinsu a kaina.

Bikin Ranar Godiya ranar Alhamis ne ta mako na huɗu. Yayarka za ta gasa talo-talo. Na yi wa uwarka alkawari ba za a taɓa cin abincin nan babu kai ba muddin ina raye, kuma ni ina cika nawa. Ƙarfe ɗaya ake zama.

Na ce a sa maka kujera a hannun haguna. Ta nan ba zan gan ka ba, zan iya cin abincina.

Ka tuƙo a hankali.

Kawunka,
Orval Tackett